Yashin mita 8 da ya ƙi fitowa a hoton sizmik

Wani ɗalibi ɗan Aboabo da ke karatun binciken ƙarƙashin ƙasa a jami'ar KNUST, nan Kumasi, ya aiko da wannan tambaya a kan sizmik, wato hoton ƙarƙashin ƙasa da ake samu daga amsa-kuwwar sauti, da kuma awon rijiya, wato awon duwatsu da ake yi da na'ura a cikin ramin da aka haƙa: "Malam, barka da aiki. An ba ni bayanan sizmik na teku da awon rijiya guda don aikina na shekarar ƙarshe. Awon rijiyar ya nuna shimfiɗar dutsen yashi mai kaurin mita 8 a tsakanin dutsen laka, amma a hoton sizmik layi ɗaya tak nake gani a wurin, ba sama ba ƙasa. An ɗauki bayanan ne kowace milisakan 2, gudun sauti a dutsen kuma wajen mita 3,000 a sakan. Na lissafa na ga ko abu mai mita 3 ya kamata in gani. Kuskuren nawa ne, ko na waɗanda suka sarrafa bayanan?"

Ƙanena, barka kadai. Lissafinka bai karye ba, milisakan 2, wato kashi biyu cikin dubu na sakan, a wannan gudun mita 3 ne tun da sautin zuwa yake yi ya dawo. Sai dai abin da ka lissafa tazarar da na'ura ke bari ne tsakanin lamba da lamba lokacin da take rubutawa, kuma wannan tazarar ba ita ke yanke abin da za ka iya rabewa ba. Ka tsaya a Asawase ranar da hazon hunturu ya sauko a watan Janairu, ka ɗauki hoton hasumiyar masallaci daga nesa. Ko wayar ta fi ta kowa tsada a Kejetia, dishi-dishi za ta ba ka, don hazon ya riga ya cinye kaifin kafin hasken ya iso gilashin. Ɗaukar lamba kowace milisakan 2 na iya riƙe sauti mai kaɗawa har sau 250 a sakan, wato Hz 250. Ƙasa kuwa, a zurfin da ake neman mai, da wuya ta maido maka da sulusin haka.

Akwai lamba ɗaya da ba ka faɗa ba a tambayarka, kuma a nan gizo ke saƙa: sau nawa sautin ke kaɗawa a sakan a daidai zurfin yashin naka.

Sizmik dai amsa-kuwwa ce. Jirgi yana jan bindigogin iska, su saki bugu a cikin ruwa, sautin ya nutsa cikin ƙasa. Duk inda ya iske iyaka tsakanin duwatsu biyu da suka bambanta a gudun sauti da nauyi, wani ɓangare nasa zai juyo sama, na'urorin sauraro da ke jere a doguwar igiya bayan jirgin su kama shi. Shimfiɗar yashinka tana da iyaka biyu, ta sama da ta ƙasa, don haka amsa biyu take maidowa. Abin da kuke kira rezolushan na tsaye a aji ba wani abu ba ne illa wannan: yaya kusancin amsoshin nan biyu zai kai kafin su narke su zama ɗaya? Kunnenka ma yana da irin wannan iyaka. In ka tafa hannu a gaban katanga mai nisa za ka ji tafin, sannan ka ji amsarsa. In katangar ba ta kai nisan mita 17 ba, amsar za ta dawo cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na sakan, sai ka ji kamar tafi ɗaya ne ya ɗan yi kauri. Katangar tana nan, amsar ta dawo, kunne ne bai raba su ba.

Bugun da ake aikawa ƙasa yana da tsawo, yana da tudu a tsakiya da kwari a gefe da gefe. Masu sauraron rediyo sun daɗe da ba mu kalmar da ta dace, tun zamanin da dattawanmu ke murɗa akwati suna neman tasha a gajeren zango. Tsawon zangon sauti shi ne nisan da ke tsakanin tudu da tudun da ke biye, kuma ana samunsa ne in an raba gudu da yawan kaɗawa. Bari mu ɗauka bayananka suna da Hz 30 a wannan zurfin, abin da ba baƙo ba ne a bayanan teku na yau da kullum. Mita 3,000 raba 30, zango ɗaya mita 100 ke nan. Da ma'aunin mita 100 kake son auna abu mai mita 8.

Ƙa'idar da aka fi aiki da ita, wadda aka aro daga aikin masanin kimiyya Lord Rayleigh a kan haske, ta ce iyakar rabewa ita ce rubu'in zango. A naka lissafin, mita 25. Dalilin rubu'in yana da sauƙi in ka tuna da zuwa da dawowa. Amsar iyakar ƙasa sai ta ratsa kaurin shimfiɗar sau biyu kafin ta biyo bayan ta sama. In kaurin rubu'in zango ne, tafiyar da ta ƙara rabin zango ce. A lokaci kuwa, mita 50 a gudun 3,000 ya kama milisakan 17 saura kaɗan, wato rabin kaɗawa ɗaya ta Hz 30. Yashinka mai mita 8 yana raba amsoshinsa biyu da milisakan 5 da ɗoriya ne kacal. Don ka raba samansa da ƙasansa da ido, sai zangon ya sauko zuwa mita 32, ma'ana kana bukatar wajen Hz 94 a wannan zurfin. Babu su a cikin bayananka, kuma ba laifin masu sarrafawa ba ne.

Yanzu ga wurin da nake so ka daɗe, don wanda ya gane shi ya gane rabin aikin fassarar sizmik. Ka san wejin katako da yaran mota ke cusawa ƙarƙashin tayar babbar mota a gangare, mai kauri a gefe ɗaya, siriri a ɗaya gefen. Ka zana shimfiɗar yashi mai wannan siffa a kwamfuta, daga mita 60 har ta ƙare a sifili, ka sa ta a tsakanin laka, ka aika mata da bugun Hz 30. Abu ne da za ka iya yi da yamma ɗaya, da ɗan shirin Python ko ma da Excel.

A gefen mai kauri za ka ga layi biyu a rabe sarai. Kuma za ka lura sun saɓa wa juna: in na sama kwari ne, na ƙasa tudu ne, domin abin da sautin ya tarar yana shiga yashi daga laka, kishiyarsa zai tarar yana fita. Kana matsawa wajen sirantar, layukan suna kusantar juna yadda hankali ke tsammani, tazararsu tana bin ainihin kaurin. Da ka iso kusa da rubu'in zango sai wani abu ya faru. Tudun gefe na amsar sama ya faɗo daidai kan babban tudun amsar ƙasa, kwarin gefe na ta ƙasa kuma ya hau kan kwarin ta sama, sai su ƙarfafa juna. Wurin ya yi haske, wato amsar ta yi ƙarfi, fiye da ko'ina a hoton. Masu aikin suna kiran wannan tiyunin, kaurin da abin ke faruwa a kai kuma kaurin tiyunin. Dutsen bai canza ba, ruwan da ke cikinsa bai canza ba, kauri ne kawai ya zo daidai da zango.

Daga nan zuwa bakin wejin, tazarar da ke tsakanin kwarin da tudun ta kusa daina motsi. Yashin ya sirance daga mita 20 zuwa 12 zuwa 8 zuwa 4, amma in ka sa ma'auni a kan hoton kusan kauri ɗaya za ka riƙa karantawa. Abin da ke canzawa ƙarfin amsar ne, yana raguwa yana bin kaurin, har ya nutse cikin hayaniya. Ka ga ke nan bayanin kauri bai ɓace ba. Ya tashi daga tazara ya koma cikin ƙarfi.

Wannan shi ne abin da wani masani mai suna Widess ya nuna a 1973 a mujallar Geophysics. Shi ya kai iyakar har kashi ɗaya cikin takwas na zango, wato mita 12 da rabi a naka misalin, inda ya ce daga nan siffar amsar ta daina canzawa gaba ɗaya. Amma lissafinsa na bayanai ne marasa hayaniya ko kaɗan, irin waɗanda ba a samu sai a kwamfuta, shi ya sa a wurin aiki rubu'in ake riƙewa. Wasu masana biyu, Kallweit da Wood, sun sake bin maganar a 1982, kuma daga aikinsu akwai wani ɗan tarko da ya kamata ka sani. In ka karanta Hz 30 ɗin daga ƙololuwar jadawalin da ke nuna ƙarfin kowace kaɗawa ne, kuma bugun naka irin na Ricker ne, mai tudu ɗaya da kwari a gefe da gefe, tiyunin zai faɗo a wajen milisakan 13, kimanin mita 19 zuwa 20, ƙasa da 25 ɗin da muka lissafa. Hanya mafi aminci ita ce ka je kan hoton, ka sami layi mai ƙarfi wanda yake shi kaɗai kusa da zurfin da kake aiki, ka auna lokacin daga kwari zuwa kwari, ka raba biyu. Gudun da za ka sa kuma ya zama na cikin yashin kansa, daga awon rijiya. Ɗalibai da yawa suna ɗauko matsakaicin gudu tun daga saman ruwa, sai amsar ta fito ta fi gaskiya kyau.

To rabewa daban, ganowa daban. Shimfiɗar da ta yi sirantar da ba a iya raba samanta da ƙasanta tana iya bayyana muddin amsarta ta fi hayaniyar da ke kewaye ƙarfi. A bayanai masu tsabta, inda yashin ya bambanta da laka sosai, misali yana ɗauke da iskar gas, akan gano abu mai kashi ɗaya cikin 30 na zango, mita 3 da 'yan kai a wurinka. Layin nan guda da kake gani, mai yiwuwa yashinka ne yake magana. Ka gano shi. Aunawa ce ta gagara da ido.

Za ka ce, to me ya hana a aika da sauti mai yawan kaɗawa tun farko? Ana aikawa, bindigar iska tana fitar da fiye da Hz 100. Ƙasa ce ke karɓar kuɗin hanya. Ka tuna daren biki a zango, an kafa manyan lasifika a Aboabo kai kuma kana kwance can nesa. Muryar mawaƙi ba ta iso ka, siririn sauti duk ya mutu a hanya, dum-dum ɗin ganga kaɗai ke ratso bango. Haka dutse yake yi. A kowace kaɗawa ɗaya yana cinye wani kaso na ƙarfin sautin ya mai da shi zafi, kuma kason kusan ɗaya ne ko sautin siriri ne ko mai kauri. Mai yawan kaɗawa ya fi biyan wannan haraji sau da yawa a tafiya ɗaya. Ana auna wannan hali da lambar da ake kira Q. A dutse mai Q 100, kowace kaɗawa tana asarar wajen kashi 6 cikin 100 na ƙarfinta. Bayan tafiyar sakan 3 a cikin irin wannan dutse, abin da zai saura na tsayin kaɗawar Hz 20 kimanin kashi 15 cikin 100 ne, na Hz 80 kuwa kusan ɗaya cikin 2,000. Ga shi kuma gudu yana ƙaruwa da zurfi saboda duwatsu sun matsu. Sama na lissafin yana hawa, ƙasansa yana sauka, zango yana ta miƙewa. A kusa da ƙasan teku, gudun 2,000 da Hz 50 suna ba ka iyakar mita 10. Can ƙasa, gudun 4,000 da Hz 25 suna ba ka mita 40.

Wani abu da ke ba sababbi mamaki: zurfin ruwa ba shi ne matsalar ba. Filin Jubilee, wanda aka gano a 2007 aka fara haƙo mansa a Disambar 2010, yana wajen kilomita 60 daga gaɓar yammacin Ghana, ƙarƙashin ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000. Ruwan teku kusan ba ya cin komai daga sautin da ke cikin wannan zangon. Lokacin da sautin ya yi a cikin dutse shi za ka ƙirga. Man can yana cikin yashin da ya kwararo zuwa zurfin teku a zamanin Kiretashiyos, miliyoyin shekaru da suka wuce, hawa-hawa, laka na shiga tsakani, irin wurin da tambayarka take zama maganar kuɗi, don kaurin yashi ne ke faɗin yawan man. A tudu kuwa abin ya fi muni. Jar ƙasa da marmarar da muke takawa a nan Asante, 'yan mitocin farko da suka ruɓe suka saki, suna iya cinye siririn sauti fiye da ɗaruruwan mitocin dutse mai ƙwari da ke ƙarƙashinsu. Shi ya sa in da hali ake haƙa rami a sa abin fashewar da ke ba da bugun a ƙasan wannan ɓawon. Dutsen Birimiyan da Kumasi da Obuasi ke zaune a kai kuma gudun sauti a cikinsa yana kai mita 5,000 zuwa 6,000 a sakan, don haka ko ka sami Hz 60, zangonka yana nan wajen mita 100.

Kada kuma ka ɗauka yawan kaɗawa shi kaɗai ne magani. Sauti mai Hz 100 zalla, wanda ba a gauraya shi da komai ba, ba ya rabe komai, don tudu da kwari ne ke bin juna ba iyaka, ba ka san wanne ne amsar ba. Abin da ke sa bugu ya zama gajere mai kaifi shi ne faɗin abin da ya ƙunsa, daga mai kauri zuwa siriri. Ana ƙirga faɗin da ninki: 10 zuwa 40 ninki biyu ne, 5 zuwa 80 ninki huɗu. Siririn sauti yana matse tudun tsakiya, mai kaurin kuma yana kwantar da kwarurrukan gefe, waɗanda su ne ke fitowa a hoto kamar shimfiɗun da babu su. A teku akwai ƙarin ɓarawo, wanda masu aikin ke kira fatalwa. Sautin da ya dawo daga ƙasa yana wuce igiyar sauraro, ya bugi saman ruwa, ya juyo a kife, ya sake shiga na'urar, ya kashe wasu kaɗawar ƙurmus. In igiyar tana zurfin mita 7 da rabi, ramin, wato kaɗawar da ta mutu, yana faɗawa a Hz 100. In an sauke ta zuwa mita 15 don a tsere wa hayaniyar igiyar ruwa, ramin ya sauko Hz 50, tsakiyar abin da kake bukata. Wannan ne ya sa daga 2007 aka fara amfani da igiyoyi masu na'urar sauraro iri biyu, daga baya kuma masu karkata daga sama zuwa ƙasa, don a cike ramin. Ka duba takardar da ta zo da bayananka ka ga shekarar da aka ɗauke su da zurfin igiyar.

Masu sarrafawa suna da dabarun matse bugun da na maido da abin da Q ya ci, kuma suna taimakawa. Iyakarsu ita ce duk kaɗawar da ta riga ta nutse ƙarƙashin hayaniya, in ka ɗaga ta hayaniyar kake ɗagawa. Ni dai duk wanda ya kawo mini hoto mai layuka sirara rututu ya ce ya ninka kaifin bayanai, abin da nake fara tambaya shi ne a nuna mini shi a gefen rijiyar da ba a yi amfani da ita wajen gyaran ba.

Tiyunin ya taɓa kunyata ni, shi ya sa nake nanata shi. Ina sabon shiga aiki a wani kamfani, lokacin ana buga hoton a doguwar takarda a shimfiɗa a tebur, a bi layi da fensir mai launi. Na sami wani wuri mai haske, na zagaye shi da ja, na rubuta cewa nan yashin ya fi kauri. Wani dattijo a ofishin ya sunkuya, ya kwantar da kumatunsa kusa da takardar yana hangen layin daga gefe yadda tsofaffin hannu ke yi, ya bi shi da yatsa har inda ya rabu biyu ya dushe. Ya ɗago ya ce, "Yaro, ka yi weji kuwa?" Ban yi ba. Da na yi, sai ga shi hasken da na zagaye bakin shimfiɗar ne inda ta sirance ta ratsa kaurin tiyunin, ainihin mai kaurin kuwa shi ne can inda layin ya rabu ya yi fari-fari, wurin da na tsallake.

In kana son ganin wannan ciniki na zurfi da kaifi a kusa da gida, ka karanta aikin da aka yi a tafkin Bosumtwi, kilomita 30 ko makamancin haka kudu maso gabas da Kumasi, ramin da dutsen sama ya faɗo ya haƙa shekara miliyan ɗaya da ɗoriya da suka wuce. Sizmik ne ya nuna tudun da ke binne a tsakiyar ramin ƙarƙashin laka, kafin a zo a haƙa a 2004. Lakar da aka ciro tana da falle-falle sirara, wasu ba su wuce 'yan milimita ba, kuma ba sizmik ɗin da zai taɓa ganinsu ɗaya-ɗaya. Akwai na'urar da ke aiki da Hz 3,500 wadda ke rabe abu mai wajen santimita 11, amma 'yan gomman mitoci kawai take ratsawa a laka mai laushi. Awon rijiya yana ganin abin da bai kai mita ɗaya ba, sai dai a rami guda. Gani ya kori ji, amma a inda ka haƙa kaɗai.

Don haka a aikinka, ka fara da auna bugun a daidai zurfin yashin ka fitar da kaurin tiyunin naka na gaskiya. Ka ɗauki awon gudu da na nauyi daga rijiyar, ka haɗa su da wannan bugun ka ƙera layin sizmik na gwaji, ka ɗora shi kan na ainihi ka tabbatar wane tudu ko kwari ne yashin. Sannan ka yi weji da lambobin rijiyar, ka zana yadda ƙarfin amsa ke bin kauri ƙasa da tiyunin, ka daidaita shi da mita 8 ɗin da ka sani tabbas. Da wannan za ka iya bin layin nesa da rijiya kana kimanta kauri daga ƙarfinsa. Ka rubuta sharaɗin a fili a rahotonka, don malaminka zai tambaya: kimantawar tana tsayawa ne muddin irin yashin da abin da ke cikinsa ba su canza ba, domin yashin mita 5 mai gas yana iya haske daidai da na mita 12 mai ruwa, sirara uku da laka a tsakani kuma suna iya fitowa kamar guda ɗaya mai kauri. In akwai rijiya ta biyu a yankin, ka roƙi awonta, kada ka taɓa shi sai ka gama, sannan ka gwada kimantawarka a kanta.